Ɗakin Alewa a Jirgin Sama

Kuskuren da na yi ɗan ƙarami ne, kalma ɗaya tak, amma saura ƙiris ya kashe kakata a sararin sama. Gara in faɗa da bakina tun kafin 'yan gidanmu su ƙara masa gishiri.

Iya, mahaifiyar babanmu, tana da ciwon suga. Wani ɗan gyambo ya fito mata a ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Daga Daura aka tafi Katsina, daga Katsina aka tafi Kano, ƙarshe aka ce in ana son ƙafar sai Indiya. Baffa Sale, ƙanen babanmu mai fataucin shanu, shi ya ɗauki nauyin tafiyar, kuma shi ya kamata ya raka ta. Bizarsa ta ƙi fitowa, tawa ta fito. Ni ma an sa sunana ne don na gama sakandare, kuma na yi shekara uku ina cika wa gidanmu baki cewa malaminmu na Turanci in ya hango ni sauya hanya yake yi. Gaskiya kuwa Turancina na gidan kallon ƙwallo ne.

Da yake ƙafar ba za ta jure lanƙwasa ba, Baffa ya ce a saya wa Iya wuri a gaban jirgi, inda kujera take miƙewa ta zama gado. Ni kuma a baya, tare da sauran bayin Allah. Ranar da mai sayar da tikitin ya bugo daga Abuja, ba Bahaushe ba ne, sai Baffa ya miƙo min waya a tsakar gida, kowa na kallo. Mutumin ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano. Abu ɗaya na tsinta, don sau uku ya faɗe shi: swit.

Baffa ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce wurin Iya swit ne."

"Wato me?"

"Alewa mana, Baffa. Wurin masu kuɗi ne, komai na can da suga ake yin sa. Shayi suga, shinkafa suga, ruwan sha ma sai an jefa masa ƙwaya biyu."

Gida ya kwashe da dariya, ni kuma na ji kaina ya kumbura. Sai daga baya na san cewa Turawa suna da kalmomi biyu masu amo ɗaya, ɗaya alewa, ɗaya kuma ɗaki na musamman. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Iya ta dube ni ta ce, "To maigida, ni da likita ya hana? Zan tafi da abincina."

Tun ina goye take ce min maigida, ni kuma in ina jin tsokana in ce mata amarya. Tun rasuwar kakanmu a kwano ɗaya muke ci ni da ita.

Zangon farko shi ne filin jirgin Abuja, da hantsi. Likitan Kano ya koya min yi mata allurar suga, ya kuma ja kunnena ya ce: allura, sannan abinci nan take. In ta sha allura ciki ba komai, suga zai faɗi, ta yi gumi, ta rikice, ta suma, in ba a yi hanzari ba ta tafi. Lokacin allura ya yi muna bakin shiga, na yi mata. Na kwance ƙullin abincinta kenan, dambun nama da dafaffen wake da kwaɗon zogale, sai ga wani mutum da 'yar riga mai ƙyalli a kan kaftaninsa, Hausarsa tas.

Ya ce, "Kai yaro, kana so a kama tsohuwar nan? Ba a cin abinci a nan, ba a kuma shiga da shi. Kawo in kai ofis. Ku yi sauri, jirginku ya kusa rufe ƙofa."

Na miƙa masa da hannu biyu, har da na gode. Mai tura keken Iya ya iso ya fige ta, ni ina gudu a baya da jakunkuna kamar ɗan dako. Muna cikin layin fasfo na waiwaya ta gilashi, na hango mutumin nan a gindin wani ginshiƙi shi da abokansa biyu, sun sa dambunmu a tsakiya. Wallahi har ya ɗaga min hannu.

A bakin jirgi aka raba mu. Ita aka yi hagu da ita, ni aka nuna min dama. Ta ce, "Maigida, ina za ka?" Na ce yanzu zan zo, amarya, ki share ɗaki. Na yi ta tafiya cikin jirgin nan kamar mai zuwa Mashi a ƙafa, sai da na kusa fita ta wutsiya na sami kujerata, a tsakiyar wasu ƙarti biyu. Na zauna, na ɗaura bel, jirgi ya fara gudu.

A nan ne abin ya faɗo min a ka. Iya ta sha allura. Iya ba ta ci komai ba. Kuma Iya ta yarda cewa duk abin da za a miƙa mata a gaban jirgin nan suga ne, don ni na faɗa mata.

Ban san mun tashi ba. Mutane suna leƙen taga suna salati, ni ina ƙirga numfashina. Da aka kashe alamar bel na tsallake ƙaton da ke damata, na taka masa ƙafa, na nufi gaba. Tsakaninmu da masu gado labule ne kawai, ɗan yadi mai ruwan toka wanda ƙanwata za ta iya ɗagawa da yatsa. Ban taɓa ganin ganuwa mai wuyar hawa irinsa ba. A gabansa wata ma'aikaciyar jirgi ce doguwa, da murmushin da ba ya motsi.

Na buɗe baki, Turancin ya sulale ya bar ni a tsaye. Na manta yadda ake cewa kaka. Na manta allura. Abin da ya fito shi ne, "Suga. Suga." Ina nuna gaba.

Ta gyaɗa kai, ta shiga wani lungu, ta dawo ta zuba min 'yan ƙullin suga uku a tafin hannu, ta juya ni da kafaɗa kamar akuyar da ta shigo zauren da ba nata ba.

Na koma na zauna, na haɗa jimla a kaina, na maimaita ta sau goma. Na sake zuwa. Wannan karon na nuna labule na ce, "Swit, swit," ina dukan ƙirji. Ta dawo min da cakuleti biyu.

Karo na uku ban yi magana ba. Na jira keken abinci ya wuce, na duƙa a bayansa, na kusa sa kaina ta ƙarƙashin labulen. Har na hango wani dogon lungu da 'yan ƙofofi a jere, duk a rufe, shiru kamar ba mai rai. Wani ma'aikaci namiji ya ɗago ni ta wuyan riga, ba faɗa, ba zagi, ya mai da ni kujerata ya ɗaura min bel da hannunsa. Sannan jirgi ya shiga wata iska ya fara tsalle kamar babur a hanyar Dutsi, aka hana kowa tashi.

Ban san ko minti nawa muka yi a haka ba. Aka ajiye min abinci ban buɗe ba. Ina ganin fuskar babanmu in na dawo ni kaɗai. Ina jin yadda za a ce a unguwa, ai jikanta ne ya kashe ta da Turanci. Duk addu'ar da na iya na karanta, har ta shiga kasuwa. Ƙaton da na taka wa ƙafa ya ga ina kuka, ya miƙo min takardar goge baki.

Can sai aka yi wata sanarwa da Larabci da Turanci. Ban gane ko ɗaya ba. Sai na ga ma'aikata biyu suna bin layi suna leƙa fuskar tsofaffi. Suka tsaya kan wani dattijo mai farin gemu da carbi, suna ta yi masa nuni da gaba. Na ji ya ce wa na kusa da shi, "Wai matata ba lafiya? Ni tawa na baro ta gida tana daka."

Ban ɗauka da ni ake ba. Sai da labulen ya buɗe, wata mata mai jiki ta fito, hannunta duk awarwaro, ta tsaya a tsakiyar jirgi ta ɗaga murya da Hausar Damagaram.

"Ina mijin tsohuwar Daura?"

Na miƙe da bel ɗin a jikina, ya mai da ni. Na kwance shi na ce, "Ga ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Ashe jika ne. Ni na sa ana neman tsoho. Taho maza, ɗan banza, matarka za ta mutu."

Sunanta Hajiya Zuwai, 'yar kasuwa ce, ta saba hanyar, tana jin Larabci. Ta riƙe hannuna muka wuce labulen nan ba wanda ya tare mu. A hanya take gaya min cewa ɗakinta da na Iya a layin tsakiya suke, manne da juna, allo ɗaya ne ya raba su, kuma allon yana sauka in an danna wani maɓalli. An yi shi ne don mata da miji. Ita nishi ta ji ta bayan allon, ta sauke, ta ga tsohuwa tana kiran maigida.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, bangonsa ya kai min ƙirji, da ƙofa mai zamewa. Ga talabijin, ga fitila, ga filo, ga bargo mai laushi, ga wata 'yar ma'ajiya cike da kwalabe. A tsakiya ga Iya a kishingiɗe, mayafinta ya jiƙe sharkaf da gumi, hannunta yana rawa, idonta yana kallon wani wuri da ba nan ba. A gefe an jera mata faranti da kofuna, ko cokali ba ta taɓa ba. Hajiya ta ce ma'aikatan sun gaya mata sau huɗu ana kawo wa Iya abinci tana kau da kai.

Na ciro abin awon suga daga 'yar jakar da ke rataye a wuyana. Na huda yatsarta. Abin ya nuna suga ya faɗi ƙasa ƙwarai. Na nuna wa doguwar ma'aikaciyar nan. Murmushin ya ɓace, ta ruga ta dawo da kofin ruwan lemo da zuma a 'yar kwalba.

A gaban kujerar Iya, inda ake miƙe ƙafa, akwai wani ɗan benci mai bel ɗinsa. Ashe kujerar baƙo ce, don in kana so wani ya zo ku ci abinci kuna fuskantar juna. Hajiya ta tura ni kai. Na ɗauki ƙafar mai ciwo na ɗora a cinyata, na miƙa kofin.

"Iya, sha."

Ta datse haƙora. Da ƙyar ta ce, "Zaƙi ne."

"Zaƙin ake so yanzu. Suganki ne ya faɗi."

"Likita ya hana. Kai ma ka faɗa."

"Iya, ƙarya na yi."

Idonta ya dawo kaina kaɗan. Ta ce, "Wace daga ciki?"

Hajiya ta fashe da dariya, ta rufe baki da mayafi. Ni hawaye ne kawai yake zuba. Na ce, "Ta alewar. Ban gane abin da mutumin ya ce ba. Ban iya Turanci ba, Iya. Abincin nan abinci ne kamar na kowa. Don Allah ki sha, in ba ki sha ba mutuwa za ki yi, ni kuma ban san hanyar gida ba."

Ta daɗe tana kallon kofin. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Na ga kanta ya fara langaɓewa gefe, na tare shi da hannu ɗaya.

Ta ce, "Ka fara."

Na kurɓa. Ta ce in ƙara. Na shanye kusan rabi. Sannan ta buɗe baki, na ɗora mata, tana haɗiya a hankali, yana zuba ta gefen baki. Aka kawo wani kofin, shi ma sai da na fara. Zumar ma sai da na lasa. Mu huɗu muka zuba mata ido, ni da Hajiya da ma'aikata biyu, kamar masu jiran ganin wata. Rawar hannun ta ragu. Na sake huda yatsa, abin ya ɗan hau. Na ƙara jira na sake, ya ƙara hawa.

Abu na farko da ta faɗa da hankalinta shi ne, "Wa ya rufe ni a cikin akwatin nan?"

Ashe tun da aka zame mata ƙofa aka kwantar da kujera, ta ɗauka an gama da ita. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake shimfiɗa wa mai rai gado daidai tsawonsa, a kewaye shi da bango huɗu ba. Ta yi ta kalmar shahada tana jiran Mala'iku, sai ga yarinya da tire.

Aka jawo tebur a tsakaninmu, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka jera mana wuƙaƙe da cokula kamar za a yi wa sa fiɗa. Faranti biyu aka kawo, shinkafa da naman rago. Iya ta juye nata a cikin nawa, ta tura wanda ba komai gefe, ta goge hannu da ɗan tawul mai zafi da aka ba mu, ta ce bismillah. Muka sa hannu. Ta tauna lomar farko ta ce, "Gishiri ma bai ji ba."

Na ce, "Iya, ki yafe min. Kada ki gaya wa Baffa maganar Turancin."

"Wannan kowa ya sani, maigida. Baffan naka ne kaɗai bai sani ba."

"To me ya sa kika yarda da maganar alewa?"

"Masu kuɗi ne fa. Ba abin da ba za su aikata ba."

Da aka kwashe kwanuka, ma'aikacin da ya ɗago ni ta wuyan riga ya zo ya yi min alama in koma. Bencin na cin abinci ne, ba na tafiya ba. Iya ta damƙe rigata. Hajiya Zuwai ta yi masa magana da Larabci, ya tafi ya kira babbarsu, aka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Sai na ga Hajiya tana tattara jakarta da takalmanta.

Ta ce, "Lamba nawa ce kujerarka?"

Na ce, "Hajiya, tsakanin ƙarti biyu ce. Ba za ta ɗauke ki ba."

"Su za su matsa. Ni na hau bayan akori-kura daga Damagaram zuwa Kano da goyo. Zauna wurin matarka."

Haka ta bar min gadonta ta tafi wutsiyar jirgi. Aka sauke allon gaba ɗaya, ɗakuna biyu suka zama ɗaya. Zan so in ce muku na miƙe na yi barcin sarakuna, na danna duk maɓallan da ke wurin. Ban taɓa ko ɗaya ba. A bakin gadon na tsuguna ina kallon ƙirjin Iya yana hawa yana sauka har muka sauka.

Zango na biyu wani filin jirgi ne a ƙasar Larabawa, wanda in aka sa Daura a cikinsa sai an nemi inda ta shiga. A nan muka rabu da Hajiya, don nan ne iyakarta. Kafin ta tafi ta sa doguwar ma'aikaciyar ta rubuta min takarda: tsohuwar nan tana da ciwon suga, ba ta ci sai da jikanta, jikan kuma ba ya jin Turanci. Layin ƙarshen ya yi min zafi, amma na ninke takardar na sa a cikin fasfo. Hajiya ta duƙa ta gaida Iya, ta ce min, "Ka rage baki." Ta shige cikin mutane. Ko lambarta ban karɓa ba.

A jirgi na biyu ban buɗe baki ba, takarda na miƙa. Lokacin abinci aka zo har kujerata aka kira ni, na zauna a bencin baƙo, muka ci, aka mai da ni. Iya ta hana a rufe mata ƙofa, ta sa takalminta a bakin don kada ta zame.

Zango na uku Indiya. Motar asibiti ta ɗauke mu, akwai tafinta, wani ɗalibi ɗan Kano. Ban taɓa ganin mutane da yawa irin haka ba, kuma a cikinsu ba mai ce maka sannu. Abincinsu yaji kamar an yi faɗa da mai dafawa. Da rana in Iya ta yi barci nakan tsaya a taga ina kallon babura, in ji ina marmarin fura, har da kukan jakin maƙwabcinmu da na sha jifa. Iya kuwa kullum tambayarta ɗaya, ko an ba awakinta dusa.

Likitoci sun yi kwana tara suna ƙoƙari da ƙafar. A rana ta goma suka kira ni da tafinta, suka ce mun zo a makare. Ni na shiga na gaya mata, da Hausa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta ce in miƙo mata carbinta.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mun yi kwana arba'in da uku muka dawo. Iya tana nan da ranta a Daura, tana tafiya da sanda biyu.